Laftof a Cikin Lefe

Ku matsa min daga bakin ƙofar nan in sami haske. Tun hantsi kuke zaune kuna kallon hannuna kuna zungurin juna, wai ashe wannan ne aikin da Baba Habu yake karɓar kuɗin mutane a kansa: a kwance sukurori, a zare ɗan falle ɗaya, a cusa wani, a rufe. Na ji mai jar hular can yana cewa ya gani a bidiyo, kuma wanda ya yi a bidiyon ko gemu bai fara ba. To madalla. Bidiyo ya koya maka cusa ram. Sai ka koma ka nemo wanda zai koya maka abin da za ka ce wa mutumin da ya shigo da na'urar, don ni dai ban taɓa ganin laftof ta zo shago da ƙafarta ba.

Da rediyo na fara, a nan Agege, bakin titin jirgi. Da waya ta kashe kasuwar rediyo sai na tattara na tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja koyon aiki, da gemuna da 'ya'yana, a ƙarƙashin wani Bayarabe da na girme shi nesa ba kusa ba. Ina ce masa Oga, yana ce min Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na yi watanni ba abin da yake bari in taɓa sai bulowa da burushi. In hure ƙura, in ware sukurori a murafen kwalba, gajeru gefe, dogaye gefe. Wani abokin koyona ya raina wannan aiki, ya ɗaura dogon sukuru a ramin gajere, sukurun ya huda ya leƙo ta sama, daidai inda ake ɗora hannu. Na'urar wani lauya ce. Oga bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa ita ya ce ya kai wa mai ita da kansa, shi yana da ɗaurin aure a Abule Egba.

Doka ɗaya Oga yake da ita wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: kafin ka ɗauki sukudireba, ka tambaya wa zai yi aiki da na'urar, kuma wane aiki. Mai saye daban, mai amfani daban. Kayan aikin kuwa ga su nan a gabanku, ba wani abin azo-a-gani: sukudireba ƙanana, tsohon katin banki na ɓamɓare murfi, ɗan man da ake shafa wa injin don kada ya yi zafi, mitar gwada wuta, filas na ɗora manhaja, da wannan fitilar da na ɗaure da waya. Duk za su shiga leda ɗaya. Shi ya sa kuke ganin da kun sayi ledar kun zama injiniyoyi.

Wani malamin Islamiyya ya taɓa kawo min sabuwar laftof, yana huci, wai an cuce shi, in ya kunna ta har ya gama alwala ba ta gama farkawa ba. Ba wanda ya cuce shi. Haka sabuwa take zuwa, ba a shirye ba. Masu ƙera ta sun cika mata ciki da manhajojin gwaji da na talla, kuma duk suna tashi tare da ita, kowanne yana jan rabonsa. Aikin farko shi ne ka kore su ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda za ka kora da wanda in ka taɓa shi sauti ko madannai za su tafi tare da shi. Sai ka sabunta mata tsari, ka gyara yadda take cin wuta, sannan ka duba ƙarfe. Ajiya ita ce inda kaya suke kwana. Tsohon faifai mai juyawa yana da nawa, es-es-di yana da sauri. Ram kuwa teburin tela ne. In teburin ƙarami ne, ko da almakashin zinariya ba za ka yanka babbar riga a sake ba. Na malamin nan ma har da ƙari: ya bar ledar kamfani a ƙasanta, ya kuma bi da salatif ya manne gefuna don kada ƙura ta shiga. Ya toshe duk ƙofofin iska. Da na kama ledar zan yage sai ya riƙe min hannu, ya ce ai ita ce shaidar sabuwa ce.

Ku riƙe wannan, don mutanenmu da ido suke sayen laftof. Kujerar mota a leda, rimot a leda, katifa a leda har a haifi yaro a yaye shi. Abin da ke ciki ba ya gabanmu, muddin maƙwabci zai gani ya ce sabuwa dal.

Shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabo ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Ka tambayi kuɗin ram da safe, kafin azahar mai shagon ya ce ya canza shawara. Jabu ya cika kasuwa, ana kankare takardar ƙaramin ram a manna ta babba. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa, kowa yana lallaɓa tsohuwarsa. Rabin shagon nan sai da na mayar da shi wurin cajin waya don in ci abinci, ni da na koyi aiki a Ikeja ina ba 'yan acaɓa lamba ina karɓar waya. Kuma a shekarar ne wasu laftof suka cika gari, sirara, masu ƙyalli, launin gwal da launin hoda, a kwali mai hatimi, da araha. Ciki kuwa ba komai, ko waya mai kyau ta fi su ƙarfi.

Ɗaya daga cikinsu ce Nura ya shigo min da ita. Nura dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, saurayi mai kunya, ya sha turare amma albasar tana nan a ƙarƙashi. Ya rungumo kwalin a cikin zani kamar mai kai jariri asibiti. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ɗora a tebur, ya ce:

"Baba, ƙarfi nake so a ƙara mata. Amma don Allah kada a buɗe kwalin."

Na ce, "To ajiye ta nan, in yi mata tofi."

Bai yi dariya ba. Na ce ya zauna, na yi masa tambayar Oga. Ashe ba tasa ba ce, ta lefe ce. Yarinyar da zai aura, Rukayya, haifaffiyar Agege ce, ta karanta zanen gine-gine. Wani ƙaramin ofishin masu gini a Isolo ya kira ta gwaji, za ta fara mako guda bayan biki. Su biyu aka kira, kujera ɗaya ce. Kowa zai zo da na'urarsa, a ba shi zanen bene ya yi a ofis, a ƙarshe ya nuna wa mai wurin, wanda aikinsa ya fi a riƙe shi. Ita da bakinta ta ce wa Nura ya rage akwatuna, ya rage leshi, ya sa mata laftof da za ta ɗauki manhajar zane. Ta faɗa masa irin ƙarfin da take so. Tsohuwar tata kuwa ta riga ta ba ƙaninta ya tafi da ita makaranta Zariya, tunda ta san sabuwa tana hanya. Nura ya je kasuwa ya maimaita abin da ya iya riƙewa, mai shago ya ɗauko masa mai launin gwal ya ce wannan ta wuce nan. Sai da wani abokinsa ya karanta jikin kwalin ya ce masa kamar da gyara, shi ne aka turo shi wurina.

Na juya kwalin na karanta. Injin mafi ƙanƙanta, ajiya 'yar mitsitsiya, ram kaɗan. Kuma na san irin, na buɗe 'yan'uwanta da yawa a shekarar: ram ɗin ba a rami yake ba balle ka zare ka sa wani, narke shi aka yi a jikin allon. Yadda aka haife ta haka za ta mutu.

Na ce, "Nura, wannan za ta yi kallon fim, za ta yi rubutun wasiƙa. Zanen bene ba za ta iya ba. Ko na buɗe, ko ban buɗe ba."

Ya ce, "Baba, sabuwa ce fa."

"Na gani. Sabuwa ce, kuma ba za ta iya ba."

Sai na jawo masa wata daga ƙarƙashin tebur, tokunbo, wato wadda aka yi aiki da ita a waje aka kawo. Ita kaɗai ta rage min a shago. Baƙa, mai kauri, mai nauyi, kusurwa ɗaya a daddauje, ga tabon wata takarda da aka ɓamɓare a murfi. Amma an yi ta ne don irin wannan aiki, tana da ramukan ram biyu, tana da fanka mai hura iska kamar da gaske. Na ce tunda hatimin tasa bai tashi ba, ya mayar wa mai shago ko da za a rage masa wani abu, ya ɗauki wannan, in cika mata ram, in sa mata es-es-di, amarya ta je Isolo da abin da zai fitar da ita kunya. Na kunna masa, na buɗe zanen wani gida na juya shi a gabansa. Idonsa ya yi haske. Har ya kai hannu zai shafa ta, sai ya janye. Ya ce sai ya yi shawara da Gwaggo, don ita za ta jagoranci kai lefe.

Washegari suka zo tare. Gwaggo Ladi yayar mahaifinsa ce, tana sayar da goro a nan Agege tun kafin a haifi wasunku, in ta juya harshe zuwa Yarabanci ba za ka ce ta taɓa ganin Arewa ba. Ta shigo ta ƙare wa shagon kallo, da wayoyin da ke caji, da ni. Nura ya nuna mata baƙar. Ta ɗaga murfin da yatsa biyu.

"Malam Habu, wannan wa ya mutu ya bar ta?"

Na ce, "Hajiya, ba wanda ya mutu. Aiki ta yi, kuma aiki za ta yi."

"Gwanjo kenan."

"Tokunbo."

"Gwanjon Turawa. A lefen ɗan ƙanina." Ta sake murfin ya faɗa. "Kai ka taɓa kai lefe? Ba ka taɓa ba, maza ba sa zuwa. Ni zan zauna a tsakiyar dangin yarinyar nan. Akwati-akwati za su buɗe. Atamfa sai an duba bakinta, takalmi sai an juya ƙasansa, jaka sai an shinshina cikinta. Akwai gidan da aka sami jaka ɗaya da aka taɓa riƙewa, yau 'ya'yan auren sun shiga sakandare, har yanzu in an ambaci gidan sai an ambaci jakar. Sannan ka ce in ɗauki wannan mai tabo a goshi in ajiye a gabansu?"

Kada ku ɗauka Gwaggo ba ta da wayo. Ta fi ni sanin kasuwarta, kuma duk abin da ta faɗa haka yake. Matsalar ita ce ni Isolo nake hange, ita tsakar gida. Na ce to a kai mai gwal ɗin lefe, a sayi baƙar a ajiye a gefe. Nura ya sunkuyar da kai. A shekarar nan, bayan kuɗin ɗaki da sadaki da akwatuna, ko kuɗin danfo, motar haya, lissafa shi yake. Na ce to a sa baƙar a cikin kwalin mai gwal. Gwaggo ta ce ai ba kwali za su tsaya kallo ba, a gabanta za a yanke hatimi a fito da ita a ɗaga sama. Na ce to abu mafi sauƙi, a kira yarinyar a tambaye ta wacce take so, tunda ita za ta zauna a gabanta.

Gwaggo ta dube ni kamar na yi ashar a masallaci. "Tun yaushe ake tambayar amarya abin da za a sa mata a lefe?"

Na juya ga Nura. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Kai ne mai aure. Yarinya ta yafe maka leshi don wannan abu ɗaya. Ka yi magana."

Ya dubi baƙar, ya dubi Gwaggo, ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Baba, ka yi mata iya abin da za ka iya. A mayar da hatimin yadda yake."

Wannan aikin ba ya cikin bidiyonku. Na aika a aro min dirayar gashi a shagon kitson da ke maƙwabtaka da mu. Na riƙa hura wa hatimin iska mai ɗumi a hankali, ina ɗaga shi da bakin reza kaɗan-kaɗan, har ya tashi bai yage ba. Na sa safa a hannu don kada yatsa ya bar shaida a jikin gwal. Na zare ta daga leda ba tare da na murɗe ledar ba. Sukurori biyu suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa, sai ka ɗaga robar ka ajiye ta a kife don gam ɗinta ya rayu. Na bi gefe da katin banki har murfi ya saki. A ciki na sami abu ɗaya na alheri, ramin es-es-di da aka bari ba komai. Na sa mata mai kyau, na kwashe tsarin na mayar can. Na kori manhajojin talla kaf, na hana duk abin da ba dole ba tashi da ita, na kashe kwalliyar allo, na sake mata wuta ta ci iya cinta. Wallahi na yi aiki. Da na gama, kana danna ta take farkawa.

Sannan na sa manhajar zane na gwada. Ɗaki ɗaya, lafiya lau. Gida mai ɗakuna uku, tana ja da ƙyar. Na buɗe bene na ce ta juya shi, sai kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak, ƙasanta ya ɗau zafi, don ko fanka ba ta da ita. Na kira Nura na nuna masa da idonsa. Na ce, "Ka gani. Ka je ka gaya mata tun yau, ta nemi aro kafin ranar. Kada ka bari ta sani a Isolo." Ya ce in sha Allahu zai faɗa mata. Na goge manhajar, na rufe, na mayar da leda, na mayar da hatimi na bi shi da bayan cokali. Gwaggo ta zo ta ɗaga kwalin a rana ta duba ta kowane gefe, ta ce, "Ashe dai kana da hannu." Shi ne yabon da na samu a aikin.

An kai lefe, an ce guɗa har bakin titi. Mai launin gwal ta zagaya hannun mata, aka yi ta hoto da ita, aka ce yaron nan ɗan albasa ya yi abin da 'yan boko ba su yi ba. Gwaggo ta dawo da tukuici mai kauri. Baƙar kuwa ban iya riƙe ta ba. Bayan 'yan kwanaki wani mai haɗa bidiyon biki ya zo ya ɗauka, ya tafi da ita Kaduna.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar wata yarinya ta yi sallama a ƙofar nan, da hijabi, da jakar goyo, lallen hannunta ya fara koɗewa. Ta ce ita Rukayya ce, wata ƙawarta ce ta kwatanta mata shagon. Kafin ta gama zuge jakar na hango launin gwal, na gane ta.

Ta ce, "Baba, ram nake so a ƙara min, ko nawa ne. Gobe zan nuna aikina a ofis. Tun da na fara take wahalar da ni, da na juya gini sai ta sandare. Abokin gwajina har ya sa mata suna amarya, wai kyau ne da ita ba ta aiki. Na yi ta raba zanen ina lallaɓawa, amma gobe dole in haɗa shi wuri ɗaya a gaban oga."

Na ce, "'Yata, irin wannan ba a ƙara mata ram."

"Ka dai buɗe ka duba, Baba. Wataƙila akwai rami."

Yarinya ce da ta san abin da take faɗa, ba wadda za ka sallama da baki ba. Na kwantar da na'urar, na ɗaga robar ƙafa, na kwance, na bi da kati. Na nuna mata ƙwayoyin ram a narke a jikin allo, na ce ta duba da kanta. Ta sunkuya ta duba. Amma ba a nan idonta ya tsaya ba. Duk abin da na sa a na'ura sai na manna masa 'yar takardar shagona, haka muke yi tun a Ikeja, don kada gobe a kawo min kayan wani a ce nawa ne ya lalace. Ga ta nan a jikin es-es-di, da sunana a kai. Ta karanta, ta ɗaga kai ta dubi allon da ke saman ƙofa, ta sake karantawa.

"Baba, wannan takardarka ce."

"Tawa ce."

"A kwali ta zo. A gabana aka yanke hatimin."

"Ni na mayar da shi."

Na ga tana haɗa lissafin da kanta, ba ta buƙatar taimakona. Sai ta ce, a hankali, "Nura ne ya kawo ta?"

"Shi ne."

"Ka gaya masa ba za ta iya ba?"

Ga inda sana'ar take, ku masu bidiyo. Ba sukuru a nan, ba ram. Da na ce ban gaya masa ba, na zama macuci a idonta, na kuma zama maƙaryaci a idon kaina. Na ce, "Na gaya masa. Na nuna masa. Na kuma nuna masa wadda za ta iya."

"Me ya hana?"

"Tokunbo ce. Aka ce ba za ta shiga lefe ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kullum na dawo sai ya tambaye ni ya aiki. In ce masa na'urar tana ba ni wahala. Sai ya ce wataƙila ba ta saba ba ne tukuna."

Na ji kunyar da ba tawa ba ta rufe ni. Na ɗauki waya na buga Ikeja, na buga Ebute Metta inda wani tsohon abokin koyona yake da shago, ina neman aron na'ura ta kwana ɗaya. A shekarar nan ba mai ba ɗan'uwansa aron caja balle laftof. Mai bidiyon Kaduna ko ɗauka bai yi ba. Na ce ta kira Nura, ko zai san wani. Ta ce a'a, a bar shi ya sayar da albasarsa. Sai na yi abin da ya rage: na rage wa manhajar inuwa da launi, na kashe duk abin da ke numfashi a cikin na'urar in ban da zanen, na ba ta ɗan katako ta riƙa ɗora ta a kai don iska ta bi ta ƙasa. Na ce in Allah ya taimaka za ta juya ginin sau ɗaya ko biyu kafin ta tsaya. Ta yi godiya, ta tambayi kuɗin aiki, na ce ta tafi.

Ba ta juya ba. Ƙawar tata ce ta ba ni labari daga baya. Mai ofishin ya tsaya a bayanta, ta haɗa zanen, ya ce ta nuna masa bayan ginin, kibiya ta tsaya. Suka jira. Ya ce zanenta yana da tsabta, amma shi masu ba shi kwangila ba sa jira. Aka riƙe ɗayan.

Nura har yau ta layin nan yake bi ya hau danfo zuwa Mile 12, amma in ya kusa shagona sai ya tsallaka titin jirgi ya bi ta wancan gefen. Gwaggo Ladi kuwa duk lefen da za a kai a unguwa ita ake kira, an ce ba ta taɓa kai lefe ta ji kunya ba. Auren yana nan, har da yara. Rukayya atamfa take sayarwa yanzu daga gida, tana ɗaukar hoto tana tura wa mata.

Laftof ɗin ma tana nan ƙalau, ko sau ɗaya ba a sake kawo min ita ba. Hoton atamfa ba ya ba ta wahala.